Idan Banki Ya Karya Darajar Gidanka Wajen Sabunta Jingina

Da zarar an gama ɗibar albasa a cikin watannin Maris da Afrilu, sai manoman kwarin Tarka da na Maggiya su shiga lissafin rani mai zuwa. Wannan yana son sabon injin ban ruwa. Wancan yana son ya haƙa rijiya ya ɗora mata faifan hasken rana, domin kuɗin mai ya cinye masa riba. Wani kuwa rudu yake son ginawa, don ya daina sayar da albasarsa a bakin gona lokacin da ta fi araha. Duk waɗannan ayyuka suna bukatar kuɗi masu kauri, irin waɗanda adashi ba ya kawowa. Shi ya sa magidanci a Madawa ko Buza ko Keita, wanda ya taɓa jinginar da gidansa ya ci bashi, kuma ya biya mafi yawansa, yakan koma banki ko asusun ba da lamuni ya ce a sabunta masa jingina. Wato a sake duba gidan, a buɗe masa sabon bashi, a biya ragowar tsohon daga ciki, a miƙa masa abin da ya yi saura.

A nan ne da yawa suke shan mamaki. Mutum ya san abin da ya zuba a gidansa, tun daga kuɗin fili har zuwa kwanon rufi. Sai a aiko mai ƙiyasi ya zagaya, ya auna, ya rubuta, bayan kwanaki a kira mai gida a faɗa masa wata daraja wadda ko rabin abin da ke ransa ba ta cika kaiwa ba. Wasu sukan fita da fushi, su ce an yi musu tayin wulaƙanci. Wasu kuma su sa hannu a kan abin da aka ba su, alhali ba zai isa aikin da suka nufa ba. Duka biyun akwai asara a ciki.

Yadda lissafin yake tafiya

Bari mu yi misali, kuma misali ne kawai, domin kowane gidan kuɗi da nasa ma'auni. A ce wani manomi yana ganin gidansa ya kai sefa miliyan 6. Mai ba da bashi ba ya ba da dukan darajar abin da aka jinginar masa. Yakan ba da wani kaso ne, a ce 60 cikin 100. Manomin nan ya lissafa zai samu miliyan 3 da jika 600. Ana bin sa ragowar tsohon bashi jika 900. Idan an cire, yana sa ran ya riƙe miliyan 2 da jika 700.

To, sai mai ƙiyasi ya ce gidan miliyan 4 ne. Kashi 60 na miliyan 4 shi ne miliyan 2 da jika 400. A cire jika 900 na tsohon bashi, saura miliyan 1 da jika 500. A lura da kyau: darajar gidan ta ragu da sulusi ne kawai, amma abin da zai shigo hannun manomi ya ragu da kusan rabi. Dalili kuwa, tsohon bashi ba ya raguwa don an karya gida. Kuma daga cikin wannan sauran ne za a cire kuɗin buɗe takarda, da ladan mai ƙiyasi, da kuɗin rubuta jingina, wani lokaci har da inshora. Wanda bai yi wannan lissafi tun a gida ba, shi ne yake jin kamar an yi masa fashi da rana tsaka.

Gida ɗaya, farashi uku

Kowane gida yana da farashi uku, kuma rashin rarrabe su ne ke kawo yawancin ɓacin rai. Akwai abin da ka kashe wajen gina shi. Akwai abin da zai yi idan ka sa shi kasuwa ba ka da gaggawa, ka jira wata shida ko shekara har mai so ya zo. Sa'an nan akwai abin da zai yi idan tilas ta sa a sayar da shi cikin ɗan lokaci, kowa a gari ya san bashi ne ya ci shi. Mai gida da na farko yake tunani. Mai ba da bashi kuwa idonsa yana kan na uku, domin tambayar da ke gabansa ita ce: in mutumin nan ya kasa biya, nawa zan iya fitarwa daga wannan gida, kuma a cikin wata nawa?

A ƙasar Adar wannan bambanci yana da girma ƙwarai. Dubi irin gidajen siminti da ƴan ci-rani suke ginawa a garuruwansu da kuɗin Abijan ko Kamaru ko Libiya. Za ka ga gida a ƙauye wanda ya ci miliyoyi, da ƙofofin ƙarfe da fenti da tayil. Amma wa zai saye shi? Mai irin wannan kuɗi a ƙauyen yana da nasa gidan. Baƙo ba zai zo ya zauna a tsakiyar dangin wani ba. Maƙwabci kuwa ko yana da hali, kunya ba za ta bar shi ya sayi gidan da aka ƙwace wa ɗan'uwansa ba. Saboda haka gida mai ɗaki uku a bakin babbar hanyar kwalta a Madawa yakan fi babban gida na cikin ƙauye daraja a idon banki, ko da na ƙauyen ya ninka shi tsada wajen gini. Wannan ba raini ba ne ga ƙauye. Yawan masu saye ne ake aunawa.

Irin ginin ma yana shiga lissafi. Gidan ƙasa mai rufin azara ya fi sanyi da bazara, kowa ya sani, amma yana son yaɓe duk shekara, kuma ruwa mai yawa yana kayar da shi. Bayan ambaliyar da aka yi a daminar 2024, wadda ta rushe dubban gidaje a faɗin Nijar, babu mai ƙiyasin da zai ga gida a kusa da bakin ƙorama ko a cikin kwari bai rage masa daraja ba. Sau da yawa a gidan ƙasa filin kaɗai ake ƙiyastawa, ginin a ba shi ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Maganar takarda

Amma babban abin da ke karya gida a wajen banki shi ne takarda, kuma shi ne abin da ya fi karɓar gyara. Nijar tana cikin ƙasashe 17 da ke aiki da dokokin kasuwanci na OHADA. Dokar jingina ta wannan ƙungiya, wadda aka sabunta a 2010, ta ce gida ko filin da aka yi wa rajista ne ake ɗora wa cikakkiyar jingina. Wato wanda yake da takardar mallaka ta dindindin, wadda ake kira titir fonsiye. Takardar fili da ofishin komin ke bayarwa bayan an yanka filaye tana nuna an ba ka wurin, amma ba ta kai wancan ƙarfi ba. Takardar ciniki da aka rubuta a gaban mai gari da shaidu tana ƙasa da ita. Wasu asusai suna karɓar waɗannan su ajiye, amma da yake sun san wahalar da za su sha kafin su sayar da gidan in an kasa biya, sai su rage daraja, ko su rage kason da za su bayar.

A 2006 gwamnati ta fito da hanya mai sauƙi ta samun takardar mallaka, wadda aka sa wa suna Sheda, domin a rage tsada da tsawon jira. Duk wanda ke da gida a cikin gari, kuma yana da niyyar neman bashi da shi, ya kamata ya je ofishin haraji da filaye ya tambayi abin da ake bukata da abin da za a kashe. Kuɗi ne za su fita, gaskiya ne. Amma a auna su da abin da rashin takardar ke ragewa a duk lokacin da aka je neman bashi.

Akwai kuma gidan gado. Uba ya rasu, ba a raba ba, babban ɗa yana zaune a ciki shekara ashirin, ya ƙara ɗakuna, har ya manta cewa ƙannensa mata da ke gidajen aure suna da rabo. Sunan marigayi ne a takarda. Irin wannan gida mai ba da bashi yakan guje shi, ko ya karya shi ƙwarai, don ya san ranar da za a zo sayarwa magada za su fito. Maganinsa shi ne a zauna da dukan magada, maza da mata, a raba bisa shari'a, a je gaban alƙali a sami takarda, sa'an nan a sauya suna. Wanda ya jinginar da gidan gado a ɓoye, ya sayi rigimar da za ta kai ga jikoki.

Ranar da aka faɗa maka darajar

Kada ka sa hannu a ranar, kada kuma ka yi faɗa. Ka nemi a ba ka rahoton ƙiyasin a rubuce, musamman da yake galibi kai ne ka biya ladansa. Ka kai wa wanda ya iya karatu ka amince da shi, ko malamin yaƙi da jahilci, ku bi shi layi-layi. Mita nawa aka rubuta faɗin filin? Ɗaki nawa aka ƙirga? An sa shagon da ke bakin ƙofa? An rubuta cewa akwai famfo da wutar lantarki? Mai ƙiyasi mutum ne, wani lokaci daga Tawa ko Maradi ya zo, ya yi rabin awa ya koma. Yana iya kuskure, kuma kuskuren awo ko na ƙirga ba a jayayya a kansa, gyarawa ake yi.

Idan awon daidai ne amma farashin ne ka ga ya yi ƙasa, to hujja za ka kawo. Cewa ka kashe kaza wajen gini ba hujja ba ce a wurinsu. Abin da suke saurara shi ne cinikin da aka riga aka yi: gida biyu ko uku irin naka, a unguwarku, da aka sayar a cikin shekarar nan ko bara, da farashin da aka biya. Dillalan gidaje da mai unguwa sun san waɗannan. Sai dai a nan akwai wani abu da muke yi wa kanmu. Mutane da yawa sukan rubuta farashi ƙarami a takardar ciniki don su rage haraji. Ranar da maƙwabcinsu ya zo neman hujja, sai a tarar takardun unguwar duka suna faɗin ƙarya, kuma ƙaryar ce banki zai riƙe. In kana ba da hayar shago ko ɗaki, ka kawo shaidar kuɗin hayar, domin gidan da ke kawo kuɗi duk wata yana da wata daraja ta dabam. Da waɗannan a hannu kana iya neman a sake dubawa, ko a aiko wani mai ƙiyasi. Ka tambaya tukuna wa zai biya na biyun, kuma ko za su yi aiki da abin da ya faɗa.

Kafin a dawo, ka gyara abin da ke gyaruwa da kuɗi kaɗan. Tsagar bango a toshe ta, katangar da ta zube a tayar, indararo a daidaita shi ya daina zuba a gindin gini, salga a rufe ta da kyau, ruwan wanka a yi masa hanya. Wannan ma lafiyar iyali ce tun kafin ta zama maganar banki, don kwatamin da ke kwance a ƙofar gida shi ne mahaifar sauro. Amma kada ka ci wani bashin don ka yi wa gida ado saboda mai ƙiyasi. Fenti da tayil ba safai suke mayar da kuɗinsu ba.

Kana kuma da ikon zuwa wani wuri. Ma'aunin bankin kasuwanci dabam, na bankin manoma BAGRI, wanda ya fara aiki a 2011, dabam, na ƙananan asusai kuma dabam. Sai dai sauya gidan bashi yana da nasa kuɗi: a saki tsohuwar jingina, a rubuta sabuwa, wani lokaci a biya tarar biyan bashi kafin wa'adi. Kuma kada ka dubi yawan abin da za a ba ka kaɗai, ka dubi ruwan da ke kai. Daga farkon 2014 ƙasashen da ke amfani da sefa a yammacin Afirka sun sa iyakar ruwa 15 cikin 100 a shekara ga bankuna, 24 cikin 100 ga ƙananan asusai, har da sauran caje-cajen da ke bin bashin. Akan sake duba wannan iyaka, saboda haka ka tambayi wadda ke aiki a ranar, ka ce a faɗa maka jimillar abin da za ka biya daga farko har ƙarshe, da sefa, ba da kaso ba.

In an tashi jinginar da gona

Wani in gida bai kai ba, sai ya ce a haɗa da gona. A nan ma takarda ce gaba. Dokar tsarin karkara ta 2 ga Maris 1993 ta amince da mallakar gona ta gargajiya, kuma a ƙarƙashinta aka kafa hukumomin filaye da ake kira Kofo, tun daga na ƙauye, wanda mai gari ke shugabanta, zuwa na komin da na gunduma. Su ne ke ba da takardar shaidar mallakar gado, da ta saye, da ta kyauta, da ta aro, da ta haya, da ta jingina. Gonar da ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan, a wajen mai ba da bashi kusan babu ita.

Darajar gona kuwa tana bin ruwa da ƙasa. Fadamar da ruwanta ke kusa, wadda ake noman albasa da rani, ba a haɗa ta da jigawa. Gonar da ke tsakanin layukan itatuwan kare iska na kwarin Maggiya, waɗanda aka fara dasawa a 1975, ta fi wadda iska ke share wa ƙasa. Faƙon da aka farfaɗo da shi da tassa da rabin wata da jeren duwatsu, irin aikin da aka yi a ƙasar Keita tun daga 1984, ya zama gona mai daraja, amma sai in ana kula da shi. Wadda ƙorama ke ci duk damina kuwa, kowa yana ganin tana raguwa.

Ni dai a ganina, gonar da iyali ke ci daga gare ta ita ce abu na ƙarshe da ya kamata a kai jingina. Injin ban ruwa yana lalacewa a cikin ƴan shekaru. Gona in ta tafi, ba ta cika dawowa ba.

Wasu ƙofofin

Sau da yawa ƙarancin ƙiyasi yana nuna cewa bashin da aka nufa ya fi ƙarfin gidan, kuma wataƙila ya fi ƙarfin mai gidan. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma daidai ruwa daidai tsaki. Ana iya raba aikin biyu: bana rijiya, baɗi faifan hasken rana. Ana iya jira shekara guda a ƙarasa tsohon bashi, domin kamar yadda muka gani a misalinmu, kowace jika da ka rage a tsohon, jika ce da za ta shigo hannunka a sabon.

Ga bukatar da ba ta wuce ta taki da iri da mai ba, bai kamata ma a taɓa gida ba. Akwai jinginar amfanin gona, wadda ake kira warantaj, wadda ta yaɗu a Nijar tun daga 1999 ta hanyar wani shiri na hukumar abinci ta duniya FAO. Ƙungiyar manoma takan tara gero ko wake ko gyaɗa a sito lokacin kaka, a sa kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun asusu. A ba kowa bashi gwargwadon buhunansa. A nan ma ba a ba da cikakken farashi, ana ƙiyasta buhu da farashin kaka ne, a ba da wani kaso nasa. Amma bayan wata biyar ko shida, in an biya, a buɗe sito mutum ya ɗauki kayansa lokacin da galibi sun yi tsada. In abin ya ɓaci, buhu ne ya tafi, ba ɗakin kwanan yara ba. Akwai kuma lamunin ƙungiya, inda membobi ke tsaya wa juna, da asusun mata irin na Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maradi a 1991. Ga manyan ayyuka na ban ruwa, a 2017 an kafa asusun FISAN domin a haɗa wa manomi tallafi da bashi da ɗan abin da zai kawo da kansa. Malamin gona na komin, ko ofishin majalisar manoma ta jihar Tawa, su ne za su faɗa maka abin da ke buɗe a bana da yadda ake shirya takardu.

Wanda ya ɗaga maka daraja

Akwai wani mutum da ya kamata a yi hattara da shi fiye da mai ƙiyasin da ya karya gida. Shi ne mai kuɗin da zai tare ka bayan ka fito daga banki rai a ɓace, ya ce ai gidanka ya fi haka, shi zai ba ka abin da kake so yau, ba sai an yi dogon rubutu ba. Banki yana rage daraja ne don yana son kuɗinsa su dawo. Wannan kuwa yana ɗaga ta ne don gidan yake so. Yakan sa wa'adi gajere, wanda ya san albasa ba za ta kai ga kuɗi ba kafin ya cika. Wani ma takardar sayarwa zai sa ka sa wa hannu, ya ce ta ajiya ce kawai, in ka biya a yage. Ranar da kuka je gaban alƙali, takardar ce za ta yi magana.

A ƙarƙashin dokar OHADA, mai bin bashi ba ya da ikon mallake gidan da mutum ke zaune a ciki da iyalinsa don kawai an rubuta haka a yarjejeniya. Sai an bi ta kotu an sayar, a biya bashi, in da saura a ba mai gida. Amma wannan kariya tana aiki ne ga jinginar da aka rubuta da sunan jingina. Wanda ya sa hannu a takardar sayarwa ya fitar da kansa daga inuwarta.

Haka nan jinginar gona ta gargajiya, wadda mai kuɗi ke noma gonar har sai an fanshe ta. In tilas ta sa an yi, a yi ta a gaban Kofo na ƙauye, a rubuta yawan kuɗin, da iyakokin gonar, da cewa jingina ce, da lokacin shekara da za a iya fansa, kowa ya riƙe kwafinsa. Shaidu suna tsufa suna rasuwa, kuma gonaki da yawa da aka bayar jingina da baki, ƴaƴan mai kuɗi suna rantsuwa a yau cewa ubansu saye ya yi.

Idan kuwa ka gama biyan bashin banki ko na asusu, kada ka tsaya a kan an ce maka an gama. Ka karɓi takardar shaidar ka biya duka, ka karɓo ainihin takardun gidanka, kuma in an rubuta jinginar a ofishin filaye, ka bi har a soke ta a cikin littafi. Jinginar da aka biya amma ba a soke ba tana nan a rubuce a kan gidan, kuma ita ce farkon abin da mai ƙiyasi na gaba zai gani.